Bergen: Birnin Da Ya Taɓa Kiran Cin Zali Da Sunan Wasa

Duk wanda ya taɓa kutsawa cikin kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko wata babbar kasuwa a kudancin ƙasar nan, ya ga wani busasshen kifi mai taurin icce da Ibo ke kira okporoko, Yarabawa kuma su ce panla, to ya riga ya yi ido biyu da ƙasar Norwe ko da bai san sunanta ba. Can arewacin ƙasar, musamman a tsibiran Lofoten, ake kama kifin, a rataye shi a kan sanduna cikin sanyi da iska na tsawon watanni ba tare da gishiri ba, har sai ya bushe ƙayau. Shekaru aru-aru kafin kifin nan ya san hanyar Legas, birnin Bergen ne matattararsa, daga nan ake loda shi a jiragen ruwa zuwa sauran ƙasashen Turai. A kan wannan kifi aka gina arzikin birnin, da kuma gumin wasu yara da tarihi bai riƙe sunayensu ba. Labarin waɗannan yara, da na wasu da suka zo bayansu da kimanin shekara ɗari uku, shi nake so mu duba a wannan mako.

Daga Oslo, babban birnin ƙasar, jirgin ƙasa na cin kusan sa'a bakwai kafin ya kai Bergen, a kan layin dogon da aka buɗe tun 1909. Jirgin yakan yi ta hawa har tashar Finse, mai tsawon mita 1,222 daga doron teku, inda na tarar da ƙanƙara kwance a kan duwatsu cikin watan Yuni, sannan ya gangaro ta cikin ramuka da gefen koguna har bakin teku. Bergen kanta tana zaune ne a wani lungu tsakanin tsaunuka, mutanenta ma birnin tsaunuka bakwai suke kiran ta. Tarihinsu ya ce Sarki Olav Kyrre ne ya kafa ta a wajajen 1070, kuma a yau ita ce birni na biyu mafi girma a ƙasar, da mutane ƙasa kaɗan da dubu ɗari uku. Gari ne na ruwan sama. Abin da ke sauka a shekara ya haura milimita 2,000, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu a damina mai albarka, don haka lema a wurinsu kamar hula ce a wurinmu. A tsakiyar bazara kuwa rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, abin da ke sa Musulmi baƙo ya yi ta duba agogo yana lissafin magariba da isha.

Abin da baƙi suka fi zuwa gani shi ne Bryggen, wani jerin dogayen gidajen katako masu fentin ja da ruwan ɗorawa da fari, waɗanda suka jingina da juna a bakin tashar jiragen ruwa kamar tsofaffin da suka gaji da tsayuwa. Hukumar UNESCO ta sanya su cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. Gobarar 1702 ta cinye akasarin na asali, aka sake gina su a kan tsohon tsarinsu, wata gobarar ta sake cin wani sashe a 1955, yau saura gini 62. Ta fuskar titi shagunan tsaraba ne da gidajen abinci. Amma idan mutum ya shiga ƙananan lungunan da ke tsakaninsu, inda daɓen katako ke ƙara a ƙarƙashin ƙafa, warin kwalta da tsohon icce ke dukan hanci, ga ƙugiyoyin ɗaga kaya na reto daga sama, sai ya fara jin yadda wurin yake a zamanin da.

Tun wajajen 1360 fataken Jamus, 'yan ƙungiyar kasuwanci ta Hansa mai cibiya a birnin Lubek, suka kafa zangonsu a nan, ɗaya daga cikin manyan zangunansu huɗu na ƙetare, tare da na Landan da Bruges da Novgorod. Suna kawo hatsi, suna kwasar busasshen kifi. Sun shafe kusan shekara ɗari huɗu, sai a 1754 aka rufe ofishin nasu. Zango ne na maza zalla, domin doka ta hana su aure muddin suna wurin. A kowane gida akwai maigida, a ƙarƙashinsa akwai wakilinsa, a can ƙasa kuma yara masu koyon sana'a, waɗanda ake kawowa daga garuruwan Jamus suna 'yan shekara goma sha. Su ne masu dako da shara da girki da tsince kifi. Saboda tsoron gobara ba a hura wuta a gidajen kwana ko da hunturu, don haka yaran kan kwana a wasu gadaje masu kama da akwati, su ja ƙofa su rufe kansu don ɗumi. A bayan jerin gidajen ne kawai ake da ɗakunan girki da zaurukan taro inda aka yarda a kunna wuta, kuma har yanzu ana shiga da baƙi wasu daga cikinsu.

A irin waɗannan ɗakuna, da kuma cikin ruwan da ke gaban gidajen, aka riƙa yi wa sababbin yara abin da fataken suka kira wasanni. Uku ne suka fi shahara. A wasan hayaƙi, ana ɗaure yaro da igiya a ja shi sama zuwa mafitar hayaƙin ɗakin girki, a hura wuta a ƙarƙashinsa da gashi da tarkacen fata da duk abin da zai yi wari, sannan a riƙa jefa masa tambayoyi domin dole ya buɗe baki ya amsa. In an sauko da shi sai a sheƙa masa ruwa. A wasan ruwa, ana fita da yaran cikin kwale-kwale, a tuɓe su, a dulmiya su cikin ruwan teku mai sanyin ƙanƙara, suna ƙoƙarin fitowa ana zabga musu tsumagiya. Na ukun shi ne wasan bulala. Yaran da kansu ake aikawa su saro tsumagun da za a dake su da su, a yi walima, sannan a riƙa shiga da su ɗaya bayan ɗaya wani saƙo da suka laƙaba wa suna Aljanna, a yi ta tsula musu, a waje kuma ana buga ganguna don kada a ji kukansu. Bayan an gama, yaron zai koma ya ci gaba da hidimar raba abinci. Marubucin nan ɗan asalin birnin, Ludvig Holberg, wanda mutum-mutuminsa ke tsaye kusa da kasuwar kifi, ya yi bayanin waɗannan al'adu a littafinsa na tarihin Bergen na 1737.

Masana tarihi sun kawo dalilan da fataken ke kafa hujja da su: a gwada juriyar yaro, a koya masa biyayya, a kuma tsorata 'ya'yan masu hali don kada su cika zangon su ƙwace guraben ciniki. Ni dai abubuwa uku ne suka tsaya mini a rai ina tsaye a cikin zauren. Na farko, sunan da aka ba abin. Da zarar an ce wasa ne, duk wanda ya yi ƙorafi ya zama rago, wanda bai san raha ba. Na biyu, ba a ɓoye ake yi ba, ana yi ne da kiɗa da jerin gwano da shigar ban dariya, mutane na kallo. Na uku, yaron da aka rataye a hayaƙi bana, in ya daure, wata rana shi zai riƙe igiya, kuma shi zai fi kowa kare al'adar, domin in ya yarda cewa zalunci ce to wahalar da ya sha ta tashi a banza ke nan. Haka abin ya yi ta gudana daga tsara zuwa tsara, har sai da Sarki Christian na Biyar, mai mulkin Denmak da Norwe, ya haramta wasannin a 1671. Daga waje hanin ya zo, daga hannun wanda ya fi fataken ƙarfi.

Daga Bryggen, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, ta gaban kasuwar kifi da tsakiyar gari, zuwa tudun da Jami'ar Bergen take. A nan ne wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, Dan Olweus, wanda aka haifa a 1931 ya rasu a 2020, ya yi akasarin rayuwarsa ta aiki, kuma shi ake ɗauka a matsayin wanda ya assasa nazarin cin zali tsakanin ɗalibai a ilmance. Kafin shi, abin ba shi da ko tsayayyen suna a wannan yanki. A ƙarshen shekarun 1960 wani likita a Suwidin, Peter-Paul Heinemann, ya aro kalmar "mobbing" daga masu nazarin dabbobi, waɗanda ke amfani da ita ga yadda ƙananan tsuntsaye ke yi wa shaho ko mujiya taron dangi. Kalmar ta zauna a harsunan yankin har gobe. Olweus bai gamsu da ita sosai ba, saboda tana nuna kamar taro ne ya harzuƙa na ɗan lokaci, alhali abin da ya gani a bincikensa kan ɗaruruwan yara maza a yankin Stockholm shi ne, sau da yawa yaro ɗaya ne ko 'yan kaɗan ke sa wani a gaba wata da watanni. Ya wallafa sakamakon a 1973, amma hukumomi ba su ɗauki abin da zafi ba.

Sai a ƙarshen 1982 jaridu suka ba da labarin yara maza uku a arewacin Norwe, masu shekara tsakanin 10 zuwa 14, waɗanda suka hallaka kansu, bisa dukkan alamu saboda tsananin muzgunawar abokan karatunsu. Hankalin ƙasar ya tashi. A 1983 ma'aikatar ilimi ta ƙaddamar da gangami na ƙasa baki ɗaya, aka raba wa ɗalibai kimanin 130,000 takardar tambayoyin da Olweus ya tsara, wadda yaro zai cika ba tare da rubuta sunansa ba. Sakamakon ya nuna kashi 15 cikin ɗari, wato kusan yaro ɗaya cikin bakwai, na cikin matsalar a kai a kai: kimanin kashi 9 ana zaluntar su, kashi 7 suna zaluntar wasu, wasu 'yan kaɗan kuma suna cikin rukunin biyu a lokaci guda. Wannan a ƙasar da ake yi wa kallon aljannar yara ke nan.

Babbar gudummawar Olweus ita ce ma'aunin da ya bayar na rarrabe cin zali da sauran hatsaniyar yara. Sharuɗɗa uku ne. Dole ya kasance cutarwa ce da gangan, ana maimaita ta tsawon lokaci, kuma akwai fin ƙarfi tsakanin ɓangarorin, ta yadda wanda ake yi wa ba ya iya kare kansa. Ƙarfin nan ba lallai na damtse ba ne, yana iya zama na shekaru, ko na yawan magoya baya, ko na kuɗin uba, ko na kaifin harshe, ko na muƙami. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin al'adarmu cike take da wasannin barkwanci. Bakano da Bazazzagi na yi wa juna shaƙiyanci, haka Bafulatani da Babarbare, haka taubasai a cikin dangi. Abin da ya sa waɗannan suka zama wasa shi ne kowa na da ikon ramawa, kowa na dariya, kuma akwai iyakar da ba a tsallakawa. Ko sharon Fulani, duk da zafin bulalarsa, tsakanin tsara ake yi, da yardar mai shiga, kuma wanda ya yi duka ya san akwai ranar da zai tsaya a rama. Yaron Bryggen da ke reto cikin hayaƙi bai da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka idan aka ce wa uwa ko malami "ai wasa muke yi", tambayar da za a yi mai sauƙi ce: shi wanda ake yi da shi, yana iya cewa a bari kuma a bari?

Da wannan ma'auni ne ake iya ganin fuskokin cin zali daban-daban. Wadda kowa ya sani ita ce ta jiki: duka, mari, hankaɗa, taɗiya, tofa yawu, kulle yaro a ɗaki ko banɗaki. Kusa da ita akwai ta dukiya da bauta, wato ƙwace kuɗin tara ko abinci, yaga littafi, ɓoye takalmi, ko tilasta wa ƙarami yin aikin da ba nasa ba. Waɗannan kan bar shaida, don haka su manya suka fi saurin gani, kuma binciken Norwe ya nuna sun fi yawa a tsakanin maza.

Sai ta baki, wadda ta fi kowace yawa: zagi, gori, habaici, barazana, da laƙabin da ke manne wa yaro saboda in'ina, ko gurguntaka, ko launin fata, ko karin harshen ƙauyensu, ko sana'ar mahaifinsa. Akwai dattawan da suka manta sunayen malamansu na firamare, amma ba su manta sunan banzan da aka laƙaba musu a aji uku ba. A cikin wannan rukuni ne maganganun batsa da ake jifan 'yan mata da su suke, da kuma taɓa jiki ba da yarda ba, wanda ya haɗa baki da hannu, kuma kunya kan hana a faɗa.

Ta uku ita ce wadda Olweus ya kira ta kaikaice, kuma ita ta fi wuyar kamawa: wariya. Ba a daki yarinya ba, ba a zage ta ba, amma in ta zo sai hira ta mutu, in ta zauna sai a tashi, in ana raba rukuni sai a bar ta ita kaɗai, ga zunɗe, ga raɗa, ga ƙage da ake yaɗawa har ƙawarta ɗaya tilo ta janye jiki. In ta kai ƙara, me za ta ce an yi mata? Wannan salo ya fi yawa a cikin abin da 'yan mata ke fuskanta, ko da yake maza ma ba su tsira ba. A wannan zamani kuma an samu ta huɗu, ta wayar hannu, inda ake ɗaukar hoton yaro ko bidiyonsa a halin wulaƙanci a watsa a WhatsApp ko TikTok ko Facebook, ko a buɗe zaure na musamman don yi da shi. Yaron da ake tsangwama a da, in an tashi daga makaranta ya samu hutu zuwa gobe. Na yanzu abin na bin sa har kan shimfiɗarsa, kuma abin da aka watsa ba ya gogewa. Shi Olweus a ƙarshen rayuwarsa ya yi ta jan hankali cewa akasarin waɗanda ake ci wa zarafi ta intanet su ne dai waɗanda ake muzguna wa ido da ido, don haka tushen matsalar na nan a harabar makaranta.

Binciken ya kuma rushe wasu zace-zace da mutane suka daɗe a kai. Ana cewa azzalumin yaro matsoraci ne da ke ɓoye rauninsa, sai aka ga akasarinsu ba su da ƙarancin yarda da kai, abin da ke gare su shi ne son mulki, da ƙarancin tausayi, da ganin cewa duka hanya ce ta biyan buƙata. Ana cewa girman aji ko na makaranta ne sila, alƙaluman Norwe ba su nuna haka ba. Ana cewa ƙiba ko tabarau ko wata kama ta daban ce ke jawo wa yaro, sai aka ga waɗannan hujjoji ne da ake nemowa bayan an riga an zaɓi wanda ba shi da mai tsaya masa. Wannan ya isa amsa ga masu saurin cewa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. An kuma gano cewa a cikin makaranta abin ya fi faruwa, fiye da kan hanyar zuwa ko dawowa, kuma inda malamai suka fi yawa a fili lokacin tara, abin ya fi sauƙi. Shi kansa mai zaluncin bai tsira ba. A cikin yaran Suwidin da Olweus ya bi sawunsu, kimanin kashi 60 cikin ɗari na waɗanda aka sani da cin zali a makaranta, kotu ta taɓa kama su da laifi aƙalla sau ɗaya kafin su wuce shekara 24.

Abin da ya fi kama da Bryggen a cikin duk wannan shi ne batun 'yan kallo. Olweus ya zana abin kamar da'ira: a tsakiya ga wanda ake zalunta, a kewaye da shi ga jagora, ga 'yan kanzagin da ke sa hannu in an fara, ga masu dariya da tafi, ga masu jin daɗi a zuci, ga masu cewa ba ruwansu, ga waɗanda abin ke damu amma tsoro ya hana su magana, sai ɗan ƙalilan da ke tsayawa su ce a bari. Wata masaniya a Jami'ar Turku ta ƙasar Finlan, Christina Salmivalli, ta faɗaɗa wannan nazari tun 1996, kuma a kansa aka gina shirin KiVa da makarantun ƙasarta suka runguma daga 2009. Abin da ta nuna shi ne mai cin zali suna yake nema a idon tsaransa, dariyar 'yan kallo ita ce ladarsa. In aka daina biyan sa, kasuwarsa ta faɗi.

A Bergen aka fara gwada maganin. Tsakanin 1983 da 1985 an bi ɗalibai kimanin 2,500 a makarantu 42 na birnin. Matakan ba masu tsada ba ne: a tambayi yara a asirce don sanin girman matsalar da wuraren da take faruwa, a ƙara malamai masu sa ido lokacin tara, kowane aji ya amince da 'yan ƙa'idoji na hana zalunci da taimakon wanda ake zalunta da jawo wanda aka ware da sanar da babba, a riƙa zaman aji a kai a kai, sannan in abu ya faru a zauna da mai laifi da wanda aka cuta da iyayensu, kowa daban, ba tare da duka ba. Rahoton yara na cin zali ya ragu da kusan rabi ko fiye. Gaskiya ne cewa a wasu wuraren da aka kwaikwayi shirin ba a samu irin wannan nasara ba, kuma nazarin da ya tattara gwaje-gwajen ƙasashe da dama ya nuna ragin da aka saba samu ya fi kusa da kashi 20 cikin ɗari. Har yau ana cin zali a makarantun Norwe. Bambancin shi ne doka ta ɗora nauyin a wuyan manya. Tun 2003 dokar ilimi ta ba kowane ɗalibi haƙƙin samun muhallin karatu mai aminci, a 2017 kuma aka ƙarfafa ta: duk ma'aikacin makaranta wajibi ne ya sa ido, ya shiga tsakani, ya sanar da shugaban makaranta, kuma in mako guda ya wuce ba a yi abin kirki ba, iyaye na da ikon kai ƙara ga wakilin gwamnati na lardi.

Wani ɗan jirgi mai hawa tsauni na ɗaukar mutane daga tsakiyar gari zuwa saman Floyen, mita 320, cikin 'yan mintoci. Daga can ana ganin rufin gidajen Bryggen da tudun jami'a a kallo ɗaya, kuma daga can ne tunanina ya karkato gida. Rahoton UNESCO na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali a watan da ya gabaci tambayarsa, a Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kusa rabi. Ba ma buƙatar rahoto kafin mu sani. Duk wanda ya yi makarantar kwana, wadda muka gaji tsarinta na gidaje da shugabannin ɗalibai daga Turawan Ingila, ya san abin da ake kira siniyoriti: ƙaramin yaro ya ɗebo wa siniya ruwa kafin asuba, ya yi masa wanki da guga, a ƙwace garin kwaki da sukari da madarar da uwarsa ta haɗa masa, in ya yi gardama a sa shi kamun kunne ko tsallen kwaɗo har ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. A wasu tsangayu gardi kan aiki ƙolo bara ya kuma karɓe abin da ya samo. A gareji da shagon ɗinki babban yaro kan mayar da sabon shiga bawansa. Zaman kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami. A watan Afrilun 2024 ma ƙasar nan ta ga bidiyon wata ɗaliba a wata makarantar kuɗi a Abuja ana ta sharara mata mari, wasu ɗaliban na tsaye, wani na ɗauka da waya.

Uzurin da muke kawowa bai bambanta da na fataken Jamus ba. Mukan ce horo ne, haka aka yi mana kuma ga shi mun zama mutane, yaro sai da wuya yake zama namiji. Waɗanda suka zama mutane su ke da bakin ba da labari a taron tsofaffin ɗalibai. Wanda ya gudu daga makaranta bai koma ba, da wadda ta daina ɗaga hannu a aji har ta gama, da wanda ya fara shaye-shaye don ya iya barci, ba sa zuwa irin wannan taro. Kuma addinin da akasarinmu ke bi bai bar mana mafaka ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da aibanta juna da jifan juna da miyagun laƙubba, aya ta 12 ta hana mummunan zato da bin diddigi da giba, wato dai fuskokin cin zali na baki da na kaikaice da masana suka zo suna lissafawa daga baya. Hadisi ingantacce kuma ya nuna cewa taimakon da ake yi wa azzalumi shi ne a hana shi zaluncin, wanda hukunci ne kai tsaye a kan ɗan kallo.

Abin da Bergen ta yi bai fi ƙarfin makarantar gwamnati a Gusau ko Azare ba. Shugaban makaranta na iya raba wa ɗalibai takarda sau ɗaya a zango, ba suna, ya tambaye su wa ake zalunta, a ina, da wane lokaci. Zai iya tsara malamai su riƙa zagaya ɗakunan kwana da bakin famfo da bayan azuzuwa, maimakon barin dare gaba ɗaya a hannun 'yan shekara goma sha bakwai. Zai iya ƙwace bulala daga hannun shugabannin ɗalibai, ya kuma tabbatar wanda ya kawo ƙara ba a bar shi ya koma ya kwana a hannun wanda ya kai ƙararsa ba. Ma'aikatun ilimi na jihohi na iya wajabta wa kowace makaranta rubutacciyar ƙa'ida da hanyar da iyaye za su ɗaukaka ƙara. Alhamis ta farko a watan Nuwamba, wadda UNESCO ta ware tun 2019 don yaƙi da cin zali a makarantu, dama ce ta fara wannan magana a taron iyaye da malamai. Mu kuma iyaye, in yaro ya fara ƙin makaranta, ko kayansa na yawan ɓata, ko ya dawo hutu ya zama shiru-shiru, mu zaunar da shi mu saurara kafin mu ce masa ya yi haƙuri. Wanda kuma aka kawo masa ƙarar ɗansa, ya bincika kafin ya hau kare shi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare su daga zalunci da zama azzalumai.